Idanu Biyu a Kan Tsamiya

Inyawara ta addabi akurkin Inna har kajinta suka koma uku, su ma sun rame don fargaba. Bayan isha'i Kawu, wanda maharbi ne, ya miƙo mini tocila, muka bi karnukansa zuwa bayan garinmu Rurum.

Karnuka suka kewaye wata tsamiya suna haushi. Na yi ta juya haske a sama kamar mai tuƙa tuwo, ban ga komai ba sai ganye.

Na ce, “Kawu, karnukanka maƙaryata ne.”

Ya ce, “Kai ne dai makaho, ɗan nema. Manna tocilar a gefen idonka, ka bi reshe a hankali. Inda haske ya fito, can idonta yake mayar da shi.”

Na manna ta, ƙarfen da sanyi. Sai ga garwashi biyu can ƙololuwa suna kallona. Na riƙe hasken cak, Kawu ya saki bindiga.

Washegari na shaida wa abokaina inyawarar da muka kashe ta kai ɗan maraƙi girma. Har yau idan aka ɗauke wuta, haka nake riƙe tocila, 'ya'yana suna yi mini dariya.