Tsohon Layin Baya

Tun direba bai kunna mota ba Tata Mpinga ya riga kowa zama, sanye da farar riga da jar ɗamara irin ta ƙungiyar mawaƙa, sai washe baki yake kamar ango. Rigar ta yi masa yawa, amma ko a jikinsa.

Bara tsohon ya dawo ƙauye daga birni, ya tare a gidan ƙanwarsa. A nan rashin kunya ne a kira dattijo da sunansa na takarda. Da sunan zuriyarsa ake kiransa, don haka daga ranar da ya sauka ya zama Tata Mpinga, wato Baba Mpinga, babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Abu ɗaya ya roƙa, a sa shi cikin mawaƙan coci. Ya ce ya haura saba'in bai taɓa tsayawa a sahu ya rera waƙa tare da mutane ba, kuma ba ya son ya mutu a haka.

Matsalar ita ce muryar. Kunne kam Allah ya ba shi, amma murya sai dai a yi haƙuri. In ya ɗaga ta, awakin bayan coci har amsawa suke yi.

Zukiswa, malamar makarantar da ke jagorantar ƙungiyar, ta daure har suka tsallake zagayen gunduma. To, yanzu gasar ƙarshe ce a birnin Mthatha, kuma waƙar da aka ɗora wa kowace ƙungiya ta Farfesa Nkohla ce, mutumin da ya tsufa yana koyar da kiɗa a jami'a, wanda har makaɗan Turai ke buga abin da ya rubuta. An ma ce zai halarta. Zukiswa ba ta taɓa ganinsa ba, amma in ta fara zancensa sai ka rantse tare suke shan shayi.

"A wannan wurin Farfesa kuka yake yi," ta ce musu ranar gwajin ƙarshe. "Kukan maraya ne, ku ji shi a ƙirjinku."

"Kuka?" in ji Tata Mpinga. "Ni da na ɗauka yunwa ce ta dame shi, yana sauri ya gama ya ci abinci."

Sahu ya kwashe da dariya. Zukiswa ba ta yi ba.

"Tata, kai da ko takardar waƙar ba ka dubawa? To ka zaɓa. Ko ka zauna a gida, ko ka tsaya a layin baya kana motsa baki kawai. In na ji sauti ɗaya daga gare ka, kai da ƙungiyar nan har abada."

Kowa ya zaci zai yi fushi. Sai ga shi ya kama hannunta da hannu biyu yana godiya.

A hanya an ci fanke, an yi waƙa, an tsokani direba. Tsohon ma ya yi tasa waƙar ba sauti, wai yana koyon aikinsa ne.

Da suka hau dandamali, ɗaya daga cikin alƙalan ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya zunguri na kusa da shi. Zukiswa ta ji daɗi, ta ce a ranta lallai ɗinkin bana ya yi kyau. Ta ɗaga hannu, waƙa ta tashi.

Ba su taɓa rera ta kamar ranar ba. Can baya Tata Mpinga na buɗe baki iya buɗewa, hannunsa na buga cinya daidai da kowace gaɓa, hawayen murna na bin kumatunsa. Da aka zo wurin kukan maraya ta ga ƙirjinsa ya cika, wuyansa ya miƙe. Ta zare masa ido, ya haɗiye abinsa da ƙyar.

Zaure ya ɗauki tafi da guɗa. Matan layin gaba har tsalle suke suna rungumar juna. Kafin ƙungiyar ta sauka mai gabatarwa ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Alƙalai sun ce mai waƙar yana cikin zauren nan. Farfesa Nkohla, don Allah a fito a gaisa da jama'a."

Zukiswa ta gyara ɗaurin kallabinta, ta yi ɗage tana leƙen kujerun manya, zuciyarta kamar ta fito don zumuɗi. Babu wanda ya motsa a can. Sai ta ji ana "gafara, gafara" a bayanta, alƙalai kuma duk sun miƙe tsaye.

"Kin dai gani, 'yata, ko tari ban yi ba," Farfesa Nkohla ya raɗa mata yana tattare rigar da ta yi masa yawa. "Bari in gaishe su in koma layina, kada ki ba wani wurina."