Ranar da Sekar Ta Taka Ƙasa

Tun da safe gidan Parjo ya cika da ƙamshin kwakwa. Ranar bikin taka ƙasa ce ta 'yarsa Sekar, wato ranar da jaririya za ta fara sa ƙafa a ƙasa. Mu matan unguwa muna ta tuƙa shinkafa mai danƙo launi bakwai, wadda yarinyar za ta bi ta kai, uwa na riƙe da hannu ɗaya, uba na riƙe da ɗaya. Parjo da kansa ya ɗaure tsanin raken da za ta hau, har yana gwada shi da ƙafarsa.

"Sauka, Mas! Na jaririya ne, ba na ƙato ba," in ji matarsa Warsini, wadda ke kiransa Mas, yadda mata ke kiran mazajensu a nan. Muka kwashe da dariya.

Ana cikin haka wani ya turo wa Parjo kan labari a waya game da dutsen da ke saman ƙauyenmu, da manyan baƙaƙe: DUTSE NA TA GIRGIZA, ZAI YI AMAN WUTA YAU?

"Dik, mun shiga uku! Saniyarmu tana can gonar sama!" in ji Parjo ga matarsa, wadda yake kira Dik.

"Mas, ka karanta cikin labarin tukuna mana."

Warsini ta goge hannu a zani, ta buɗe sanarwar masu sa ido kan dutsen, waɗanda na'urorinsu ke auna motsinsa ba dare ba rana. "Ka gani? 'Yan ƙananan girgiza ne can cikin ƙasa, irin waɗanda aka saba. Matakin gargaɗi bai canza ba. Kusa da bakin dutsen kawai aka hana zuwa."

Mahaifiyar Parjo, tsohuwa Mbah Ngatinem, ta taɓe baki. "Kai da kake minshari bara lokacin da toka ta zubo, yau kai ne mai jin maganar dutse?"

Bai tsaya ba. Ya figi babur ya hau hanyar da ta sha ruwan sama, yana gudu yana ɗaga kai yana kallon dutse. A kwanar gonar barkono santsi ya kwashe shi. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce saniyar na kwance tana tuƙa abinta.

Ranar da tsofaffi suka tsayar ba a ɗaga ta, don haka aka yi biki. Sekar ta taka shinkafa tana ƙyalƙyala dariya, ta hau tsani. Da aka sa ta a kwandon kaji ta zaɓi abin da take so cikin kayan da aka zuba a ciki, ta tsallake fensir ta rarumi ludayi. Guɗa ta tashi, yara suka yi wawason kwabban da aka watsa.

Amma kawunta ne ya riƙe hannun da ubanta zai riƙe. Parjo a waya ya kalla daga gadon asibiti, ƙafa a rataye, hawaye na bin kunnuwansa.

'Yan'uwana iyaye, mai kan labari so yake ku latsa, masu auna dutse so suke ku tsira. Ku ajiye jakar yara a shirye bakin ƙofa. In masu aunawa suka ce a tashi, ku tashi nan take. In ba su ce ba, kada babban rubutu ya kore ku daga gida.