Eriya ta Huɗu

Ranar da tsohon ya ɗaure eriya ta huɗu a kan doguwar gora, a ranar ce rediyonsa na oba-oba ya amsa.

Shekara ashirin yana buɗe ƙofar kanal ɗin ruwan noman rani a Bunkure, amininsa yana tarbar ruwan a Kura. Kullum da hantsi sai ya danna maɓallin oba-obar ya ce, "Na sako, tsohon banza!" Daga can a ce, "Ya iso, mai kan ƙwarya!"

Rana ɗaya amsa ta ɗauke. Ya ɗora wa eriya laifi. Ya sayo sabuwa a Kano, ya sake sayo wata, ya ƙara mata wayar tagulla, har da ƙarfen lema. Kwana goma sha biyu yana zagin iska.

Yau 'yar amininsa ce ta yi magana.

"Baba, bar wahalar da kanka, tun ranar farko muna jin ka tar. Shanyewar jiki ce ta kama babana, baki ya karkace. Shi ya hana a gaya maka, wai za ka daina tsokanarsa. Ga shi nan, yana jiran ta yau."

Tsohon ya danna. Ya lalubi zagi ko ɗaya a bakinsa, ya rasa.

"Sannu," ya ce.