Rediyon Babur ɗin Mahir

Tun da Mahir, ɗan Sudan ɗin nan, ya ɗaura wa babur ɗinsa rediyo mai kama tauraron ɗan Adam, unguwarmu ta Hayyin Ashir ba ta huta ba. Kullum sai ya tsaya ƙarƙashin wata taga, ya ƙure tashar Hausa. Shi kuwa ko "sannu" bai iya ba.

Na ce wa maƙwabta, "Khalas, magana ta ƙare, budurwa ce a benen nan. Bari in gano muku."

Na hau benen ina haki. Mahaifiyarsa na tarar a kwance. Tsufa ya share mata Larabci, Hausar ƙuruciya kaɗai ta rage.

Mahir ya shigo da shayi. Tsohuwar ta kama hannuna, ta nuna shi.

"Baiwar Allah, gode mini Balaraben nan. Ɗana ko leƙo ni ba ya yi."