Ruwan Gwaggo Tabawa Ya Tafi Maƙabarta

Tun da aka kafa dokar cewa gidan da ba ya kan taswira ba ya samun ruwan famfo, Sagir mai haɗa taswirar unguwa bai huta ba. Abin ba wuya: ɗan gida ya taɓa gidansu a allon kwamfuta, ya faɗi sunan maigidan da muryarsa, ɗigon gidan ya yi shuɗi, famfo ya kawo.

Da hantsi Gwaggo Tabawa ta shigo shagonsa da bokiti wayam.

"Gwaggo, tunda ɗanki ne maigidan, kuma ya yi tafiya, ke za ki faɗi sunansa."

"Ɗan farin nawa? Da bakina? Ai na gaya wa allon, yaron nan."

Sagir ya dafe kai. Duk tsofaffin unguwar haka suka ce. Taswirar kuwa ta dunƙule gidajensu ɗigo ɗaya mai suna Yaron Nan, ta dasa shi a tsakiyarsu, daidai maƙabarta. Can ruwan yake ta malala.

"Don Allah Gwaggo, sau ɗaya tak. Zan toshe kunnena. Ruwanki fa yana maƙabarta."

Ta gyara mayafi, ta ɗauki bokitinta.

"To, ai ba nisa," ta ce.