Takalmin da Aka Auna da Tsinke

Malam Sabitu tela ne a sabon Zangon Lome, inda aka mai da mutane bayan an rushe tsohon. In ya hau keken ɗinki da safe, ba abin da ke saukar da shi sai salla. Jiki ya yi masa nauyi, ga ƙishirwa, ga yawan zagayawa. Da aka auna shi a asibiti, aka ce ciwon sukari ne. Likita ya ba shi magani, ya ce ya rage zaƙi, ya riƙa ɗan gudu kowace safiya, kuma ya nemi takalmin gudu mai kyau.

Matarsa Asibi ta ce su je kasuwar Assigamé tare ya gwada da ƙafarsa. Ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna a bakin tebur yana miƙa ƙafa, matan kasuwa suna kallonsa ba. Yana zaune ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya ɗora a tafin ƙafarsa, ya karya shi daidai babban yatsa, ya miƙa mata. Haka ake saya wa yara takalmin salla, don haka ba ta ga wani abu a ciki ba.

A kasuwa ta tsaya wurin wani mai kambas da ake kira Tchakoura. Idonta ya faɗa kan wani fari mai zanen shuɗi. Tchakoura ya tura tsinken a ciki, ya shiga da ƙyar har ya ɗan lanƙwashe. Ta tambaya ko bai yi kaɗan ba.

Ya ce, "Hajiya, kambas ai saki yake yi. In Malam ya taka shi 'yan kwanaki, ke da kanki za ki ce ya yi yawa."

Babu wanda ya fi shi girma a irin wannan launi. Ta saya.

Takalmin bai shiga da safa ba, sai Malam Sabitu ya cire safar. Bayan sallar asuba ya fara fita bakin babban titi, yana gudu yana haki. Abokinsa Oumarou mai shayi ya hango shi ya ce, "Malam, soja za ka shiga, ko 'yan rawar jam'iyya ne suka rasa mutum?"

Ya ce, "Kai dai ajiye mini shayi marar sukari, ka bar surutu."

Asibi ta ji daɗi. Mijinta ya fara samun barci, tumbin ya fara sauka. Kullum in ya dawo takan tambaye shi ko takalmin na matsa shi, ya ce ba ya jin komai. Gaskiya ya faɗa. Ciwon ya riga ya kashe masa jin ƙafa, ko ƙaya ya taka ba zai sani ba. Su kuwa sun ɗauka alamar takalmi ya zauna ke nan.

Ranar da ta zo wanke kambas ɗin ta tarar da jini ya bushe a ciki. Ta duba ƙafarsa ta dama, ta ga ƙaramin yatsa ya saɓule, gefensa ya zama miki. Ya yi dariya ya ce abin da ba ya zafi ai ba ciwo ba ne. Ta shafa masa man kaɗanya, ya naɗe da guntun yadi daga shago. Washegari ya sake tura ƙafar a cikin takalmin, don kada a ce ya fara ya kasa.

Mikin bai rufe ba. Ya fara wari, har Malam Sabitu ya koma yin alwala a gida, ya riƙa tsayawa a ƙarshen sahu. Yatsan ya yi baƙi. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi sannan ya yarda aka sa shi a taksi.

Likita ya ce a kawo takalmin. Ya ɗora shi kusa da ƙafar mai lafiya, ya nuna wa Asibi yadda yatsu suka wuce shi. Ya ce ƙafa tana buɗewa in mutum ya tsaya, tana kumbura in ya yi gudu, kuma tsinke tsawo kawai yake aunawa, ba ya auna faɗi. Tana jinsa kamar daga nesa. Ta gyaɗa kai kawai.

Aka yanke yatsan. Ciwon bai tsaya ba, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Dafin ya riga ya shiga jini.

Wata rana da la'asar ya farka ya ce, "Asibi, tafin ƙafata na yi mini ƙaiƙayi. Sosa mini." Ta dubi wurin, ba komai sai zanen gado. Ta sa hannu ta sosa zanen, har ya ce ya isa. Bai kai magariba ba.

Ba ta yi kuka ba. Matan Zango suka cika gidan, suna ce mata ta yi kukan ko za ta samu sauƙi. Ta zauna a kan tabarma tana amsa gaisuwa, duk wanda ya ce mata ya haƙuri, ta ce da godiya. Haka ta yi takabarta har ta fita.

'Yan'uwa, duk wanda zai fara gudu, ya je da kansa ya gwada takalmi a tsaye, da safa, ya bar wa yatsunsa wuri, kada ya yarda da mai cewa zai saki. Mai ciwon sukari kuma ya duba ƙafarsa da ido kullum, kada ya jira sai ya ji zafi. Kunyar zama a kasuwa ba ta kai a rasa ƙafa ko rai ba.