Hula Mai Ramuka Biyu

"Ka gane ko mene ne?" matarsa ta tambaya, tana sunkuyar da kai.

Saƙarta ta farko ke nan da kwarashi, sati uku tana saƙawa tana warwarewa. Ya jujjuya abin a hannu. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga kuma ramuka biyu. Don kada ya karya mata gwiwa, ya kafa a kai, ya zaro kunnuwansa ta ramukan.

"Kamar an auna ni!"

Ta buɗe baki, ta rufe, ta shige ɗaki da gudu. Ya ce a ransa kunya ce.

Kwana uku yana zuwa ofis da hularsa. Abokan aiki suka laƙaba masa Zomo. Ya ce hassada ce, matansu ko maɓalli ba su iya ɗinkawa ba.

A rana ta huɗu ya biya gaida mahaifiyarsa. Ta ƙura wa kansa ido, sai ta rangaɗa guɗa.

"Inna, har ke hular ta burge?"

"Cire wandon jikana daga kanka, sakarai! Yarinya ta yi maka albishir, kai kana yawo da shi a gari!"